Waziri Buhari: Mutumin da wasiƙun yaƙin Daular Sakkwato suka taru a gidansa

A watan Maris na shekarar 1903, bayan sojojin Turawan Ingila sun shiga birnin Sakkwato, an tarar da tarin wasiƙu a gidan Waziri. Da Larabci aka rubuta su, akasarinsu kuma sarakunan gabas ne suka aiko da su a shekarun da Nasara ke cin garuruwa ɗaya bayan ɗaya. Shekara 24 bayan haka wani jami'in mulkin mallaka, H. F. Backwell, ya fitar da fassarar sama da ɗari daga cikinsu a wani littafi da aka buga a Legas a 1927. Mai gidan da aka samu waɗannan takardu shi ne Waziri Muhammadu Buhari, wanda ya riƙe wazirci daga 1886 har rasuwarsa a 1910.

An haifi Buhari wajen shekarar 1842 a gidan da alƙalami ya zama gado. Mahaifinsa Ahmadu ɗa ne ga Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, aminin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, kakarsa kuwa ita ce Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Tun daga Giɗaɗo sarautar Waziri ba ta bar wannan gida ba. Buhari ya gaji baffansa Abdullahi Bayero a zamanin Sarkin Musulmi Umaru ɗan Aliyu, ya kuma yi wa sarakuna huɗu aiki: Umaru, da Abdurrahman, da Attahiru na Ɗaya, da Attahiru na Biyu.

Wazirin Sakkwato shi ne ƙofar manyan masarautun gabas, cikinsu har da Kano da Zazzau da Adamawa. Sarkin da ke da magana da Sarkin Musulmi, ta hannun Waziri take bi, ko ta naɗi ce, ko ta gado, ko ta iyaka, ko ta neman gudummawar yaƙi. Babu gidan waya a lokacin, sai manzanni a kan doki ko a ƙasa, da takarda naɗe cikin jakar fata. Wasiƙar kan fara da sunan Allah da salati, sai sunan mai aikowa da na wanda aka aika wa, sai gaisuwa, sannan a shiga magana a taƙaice. Hatimin sarki shi ne shaidarta. Yawancinsu ba su ɗauke da kwanan wata, abin da har yau yake wahalar da masu nazarinsu, domin sai sun bi abin da wasiƙa ta ambata kafin su gane shekarar da aka rubuta ta. Sau da yawa ma asirin maganar yana bakin manzo, takardar shaida ce kawai cewa an aiko shi.

Jarrabawar farko da ta girgiza wazircinsa a Kano ta same shi. A ƙarshen 1893 Sarkin Kano Muhammadu Bello ya rasu, Waziri kuwa yana cikin birnin. Zukatan mutane da dama na wajen Yusufu ɗan Sarki Abdullahi Maje Karofi, amma Sarkin Musulmi Abdurrahman ya kafe sai Galadima Tukur ɗan marigayin, saboda jaruntar da ya nuna a yaƙin Argungu. Waziri ya san abin da zai biyo baya, ya kuma ba da shawara, ba a karɓa ba. Ya naɗa Tukur kamar yadda aka umarce shi. Yusufawa suka fice zuwa Takai, Basasa ta ɓarke. Yusufu ya rasu a Garko a 1894, 'yan'uwansa suka tsayar da Aliyu Babba, wanda aka fi sani da Alu, suka ci birni a wannan shekara, aka kuma kashe Tukur a 1895.

A tsawon wannan fitina Waziri ya yi ta aika takardu ga sarakunan gabas yana isar da umarnin a taimaki Tukur. Kaɗan ne suka motsa da gaske. A nan ne aka fara ganin cewa hatimin Sakkwato, wanda dā ake miƙewa idan an gan shi, yanzu ana iya karanta takardarsa a sa albarka a ajiye. Daga baya ta hannun Wazirin aka daidaita da Alu, Sakkwato ta amince da sarautarsa. Masu ɗora wa Buhari laifin Basasa suna da abin faɗa, tunda shi ya yi naɗin, sai dai adalci shi ne a tuna cewa ɗan aike ne mai ubangida mai taurin kai, wanda ba banza aka yi masa laƙabi da Ɗanyen Kasko ba.

Kano ba ta gama farfaɗowa ba sai ga wata rundunar da ba a saba da irinta ba tana haɗuwa a bakin Kwara. Daga 1897 Lugga ya fara kafa rundunar tsaron iyakar Afirka ta Yamma, wadda ake taƙaita sunanta da WAFF. A 1900, shekarar da ya shelanta mulkin Ingila kan Arewa daga Lakwaja, sashenta na Arewa yana da bataliya biyu ta sojan ƙasa, ga kuma 'yan igwa. Hafsoshin Turawa ne, amma masu riƙe bindigar 'yan ƙasa ne, Hausawa da Yarbawa da Nufawa da sauransu, wasunsu bayi ne da suka gudo, wasu 'yan dako, wasu tsofaffin 'yan bindigar sarakuna. Al'adar ɗaukar Hausawa soja ta girmi Lugga, domin tun 1863 Glover ya tara wasu a Legas, kuma daga can sojan Najeriya ke ƙirga asalinsa. Wannan runduna ce ta zama rajimantin Najeriya bayan haɗewar 1914, ta yi yaƙi a Kamaru da Gabashin Afirka, daga baya a Bama, Hausa kuwa ta daɗe tana zama harshen bariki.

Wasiƙun da suka iso gidan Waziri daga 1900 zuwa 1903 labarin tafiyar wannan runduna ne daga bakin waɗanda take tunkara. Bida da Kwantagora sun faɗi a farkon 1901, Yola a watan Satumba na wannan shekara, Bauci a 1902. Lamiɗo Zubairu ya rubuto yana ba da labarin yadda aka fitar da shi daga Yola da ƙudurinsa na ƙin zama ƙarƙashin Nasara. Sarkin Kano Alu ya rubuto wa Waziri yana nuna cewa bai ga wata dabara da ta fi a bar ƙasar baki ɗaya a yi hijira ba. Wasu na neman addu'a, wasu na neman umarni, wasu na sanar da inda aka ga Turawa da yawan mutanensu. Abin da mai karatu ba zai samu a cikinsu ba shi ne shiri guda na haɗa mayaƙan masarautu wuri ɗaya. Kowane sarki ya tari abin a ƙofar garinsa, shi kaɗai, yayin da abokin gaba ke aika saƙo ta wayar tangarahu daga Kwara zuwa Legas har Landan.

Akwai wata wasiƙa guda da ta fi sauran suna, ita kuma daga Sakkwato ta fita. Lugga ya ce a watan Mayu na 1902 ya karɓi takarda daga Sarkin Musulmi Abdurrahman mai nuna babu abin da ke tsakaninsu sai yaƙi, kuma da ita ya kafa hujja a gaban gwamnatinsa. Fassararta ta Turanci ce ta yaɗu, ba a ga asalinta na Larabci ba, shi ya sa D. J. M. Muffett, tsohon jami'in mulki a Arewa, ya yi mata tambayoyi masu nauyi a littafin da ya fitar a 1964.

Abdurrahman ya rasu a watan Oktoba na 1902, aka naɗa Attahiru ɗan Ahmadu. A watan ne kuma Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Moloney ya gudo Kano, Alu ya karɓe shi da girmamawa. Ranar 29 ga Janairu, 1903, Kanar Morland ya tashi daga Zariya da sojoji 'yan ƙasa sama da 700, da igwa huɗu, da bindigogi masu ruwan harsashi samfurin Maxim guda huɗu. Kudancin Kano a lokacin ƙasa ce ta ganuwa da ƙafi, kamar yadda sunan Ƙafin Maiyaki ke tuna wa mai wucewa har yau, kuma an gyara katangun garuruwan da ke kan hanya. Bebeji ce ta rufe ƙofa ta ƙi buɗewa. Aka saita igwa aka fasa ƙofar, sarkin garin ya rasa ransa tare da wasu mutanensa. Labarin ya riga rundunar isa gaba, sauran garuruwa ba su sake gwadawa ba. Ranar 3 ga Fabrairu Kano ta faɗi, Sarki Alu yana kan hanyarsa ta dawowa daga mubaya'a a Sakkwato.

Ranar 15 ga Maris aka yi karon Giginya a bayan ganuwar Sakkwato. Sojan ƙasa suka yi sahu mai kusurwa huɗu, dawakai ba su ko kai gare su ba, kafin rana ta yi tsaka an gama. Sarkin Musulmi Attahiru ya yi gabas da niyyar hijira. Waziri ya janye zuwa Marnona tare da jama'a mai yawa, mata da yara da tsofaffi, kuma a nan ne ya fuskanci hukuncin da ya fi kowane nauyi a rayuwarsa: ya bi Sarkin Musulmi, ko ya koma ya miƙa wuya.

Ya tara malamai aka duba littattafai. Abin da ya rinjaya shi ne tsoron halakar mutane a hanya da yunwa da ƙishirwa, da tsoron a bar waɗanda ba za su iya tafiya ba babu mai tsaya musu kan addininsu, da kuma fatawar da ta halatta lallaɓa mai ƙarfi da baki idan an ji tsoron cutarsa, muddin zuciya ba ta bi shi ba. Waziri ya koma Sakkwato. Ranar 21 ga Maris aka naɗa Attahiru na Biyu, ɗan Sarkin Musulmi Aliyu Babba, a gaban Lugga, wanda ya yi alkawarin ba zai hana salla ba. Attahiru na Ɗaya ya ci gaba da tafiya, dubban mutane na barin gonaki suna bin sa, har aka rutsa shi a Burmi ranar 27 ga Yuli, inda ya yi shahada tare da ɗaruruwan mabiyansa. Ɗansa Mai Wurno ya kai ragowar jama'ar Sudan, inda garin da ke ɗauke da sunansa yake a bakin kogin Nilu har gobe.

Hankalin Waziri bai kwanta ba. Mutumin da ya shafe shekaru yana rubuta wasiƙu da sunan wasu sai ya rubuta guda da sunan kansa, wato Risalatul Wazir, wadda ya fuskantar ga ma'abota ilimi da tunani. A ciki ya zayyana abin da ya faru da hujjojin da ya dogara da su, bai kuma ɓoye damuwar da ta kama shi ba, ta tsoron kada komawarsa ta zama ya saɓa wa Allah, har sai da amsar Alƙalin Gwandu Ahmadu ɗan Sa'adu ta sanyaya masa zuciya. Ba rubutun mai alfahari da abin da ya yi ba ne. Masanin tarihi R. A. Adeleye ya yi nazarinta a 1968, kuma tana cikin 'yan takardun da ke nuna yadda manyan daular suka auna zaɓin da ke gabansu a cikin waɗannan kwanaki.

Shekara bakwai ya ƙara yana wazirci a ƙarƙashin sabon tsari. Sarakunan gabas sun daina aiko masa da takardun neman umarni, domin yanzu Razdan suke kallo, aikinsa ya tsuke zuwa lardin Sakkwato. A 1906, da mutanen Satiru suka yi tawaye suka kashe Turawa uku da sojoji da dama, fadar Sarkin Musulmi ta tsaya tare da Turawa, aka kuma shafe garin a watan Maris. Wannan ma yana cikin farashin hanyar da aka zaɓa a Marnona.

Waziri Buhari ya rasu a 1910, ya bar ɗa mai shekara huɗu, Junaidu, wanda aka haifa a 1906. Junaidu ya zama Waziri a 1948, ya riƙe sarautar har rasuwarsa a 1997, ya kuma shafe rayuwarsa yana tattara littattafai da wasiƙun kakanninsa yana buɗe wa masu bincike ƙofa, cikinsu har da Murray Last, wanda littafinsa kan Daular Sakkwato ya fito a 1967. Hukumar adana tarihi da al'adu ta Jihar Sakkwato sunansa take ɗauke da shi.