Tarihin Magabata: Nana Asma'u, malamar da ta mai da kuka karatu

Da wuya mako ya wuce ba mu je zaman makoki ba. Mukan yi gaisuwa, mu ce a yi haƙuri, bayan sadakar bakwai kowa ya kama gabansa, a bar mai takaba da zugum. Shi ya sa a wannan mako muka waiwayi rayuwar wata baiwar Allah da ta san zafin rashi, ta kuma bar wa na baya abin karantawa.

An haifi Nana Asma'u a Ɗegel wajen shekarar 1793. Mahaifinta Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, shi kuwa a Maratta aka haife shi, kusa da Galmi cikin jihar Tawa ta yau. Asma'u tagwaye ce, ita da Hasan. Tun tana ƙarama mahaifiyarta Maimuna ta rasu, abokan zaman uwar suka rene ta. Tana da shekara kamar 11 aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, ta ga yunwa da yaƙi da idonta. Ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama wazirin Sakkwato.

Daga nan rashi ya yi ta bin rashi. Shehu ya cika a 1817, wanta Muhammadu Bello a 1837, sannan mijinta, sannan aminiyarta A'isha a 1855. Ba ta ɓoye baƙin cikinta ba. Ta zauna ta rubuta marsiyya, wato waƙar juyayi, cikin Fillanci da Larabci, wasu ayyukanta kuma da Hausa. A ciki takan faɗi raɗaɗin da take ji, ta lissafa kyawawan halayen mamaci, ta rufe da addu'a da miƙa wuya ga Allah.

Abin da ya fi ɗaukar hankalinmu shi ne ba ƴaƴan sarauta kaɗai ta yi wa kuka ba. Ta yi wa maƙwabciyarta Halima, ta yi wa Zaharatu mai taimakon mata wajen haihuwa da wankan gawa, ta yi wa Hawa'u, ɗaya daga cikin jajis ɗinta. Jajis su ne matan da ta naɗa da malfa, suna jagorancin ƴan taru, suna kai karatu ƙauyuka. Ta hannunsu waƙoƙinta suka isa ga matan da ba su iya karatu ba.

Mu nan ba mu manta ba cewa yaƙin zamaninta ya bar marayu ta kowane gefe. A Gawakuke, a 1836, Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsinan Maraɗi Rauda suka kwanta dama. Hawaye dai ba su da ɓangare.

Nana Asma'u ta rasu a 1864, kabarinta na Hubbare a Sakkwato. Waziri Junaidu ya adana rubuce-rubucenta, Jean Boyd da Beverly Mack suka tattara su a littafi a 1997.

Darasin da muka ɗauka: kuka ba rashin imani ba ne, kuma ambaton alherin mamaci magani ne ga mai rai. Idan mun je ta'aziyya, mu faɗa wa iyali wani alheri da muka sani na mamacinsu, mu kuma koma bayan arba'in, sa'ad da gida ya yi tsit. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba masu rashi dangana, amin.