Al-Jazari: Injiniyan da Ya Zana Agogon Giwa

Wannan Juma'ar mun ɗauko tarihin wani bawan Allah, Isma'il Al-Jazari, wanda ya rasu a shekarar 1206. Sunansa ya samo asali daga Jazira, yankin da ke tsakanin kogin Dijla da Furatu. Cikin nasabarsa akwai laƙabin Ar-Razzaz, wato mai sayar da shinkafa, to 'yan kasuwarmu sai ku ce na gida ne.

Ya yi shekara 25 yana yi wa sarakunan Diyarbakir aiki, a Turkiyya ta yau. Sarki Nasiruddin Mahmud ne ya umarce shi da ya tattara ayyukansa a littafi. Na'urori 50 ya kawo, kowace da zanenta mai launi da bayanin yadda ake haɗa ta.

Wadda ta fi shahara ita ce agogon giwa. In ka ga zanen sai ka rantse abin wasan yara ne: ga giwa ɗauke da hasumiya, ga direbanta a wuya, ga macizai sun buɗe baki, ga tsuntsu can ƙoli. Amma sirrin yana cikin cikin giwar. Akwai tankin ruwa, da wani kwano mai ɗan rami a gindi yana yawo a kai. Ruwa na shiga kaɗan-kaɗan, cikin rabin awa kwanon ya nutse, ya ja igiya. Sai ƙwallo ya faɗo bakin maciji, nauyinsa ya sunkuyar da macijin, shi kuma ya ɗago kwanon a sake sabon lale. Nan take direban giwa ya buga, kowa ya san rabin awa ta cika. Ba NEPA, ba batir.

Ya kuma ƙera ta wanke hannu mai siffar ɗawisu, ruwa na zubowa ta bakinsa, sannan wani ɗan mutum-mutumi ya fito ya miƙo tawul. Akwai kuma injinan ɗago ruwa daga kogi.

Abin da ya fi burge mu, bai ɓoye sana'arsa ba. Ya bi ta daki-daki yadda wani maƙerin zai iya kwaikwaya. Mu kuwa nawa ne cikin masu gyaran janareta da makanikanmu suka tafi da iliminsu kabari, yaran shago ba su tsira da komai ba sai wankin sifana?

Saboda rubutun nan ne aka iya fassara littafin zuwa Turanci a 1974, aka kuma sake ƙera agogon. Alhazanmu masu zuwa Dubai saro kaya, ku leƙa Ibn Battuta Mall, ƙatuwar giwar tana nan tsaye. Allah Ya jiƙansa da rahama.