Linus Pauling: Masanin da ya gano tushen cutar sikila, ya kuma yi kuskure kan masu ɗauke da ita

Duk saurayi da budurwar da suka yi gwajin jini kafin aure a Gusau, ko Tsafe, ko Bunguɗu, suka karɓi takarda mai ɗauke da AA, AS ko SS, sun ci gajiyar aikin wani Ba'amurke da ya rasu tun 1994. Sunansa Linus Pauling.

An haife shi ranar 28 ga Fabrairu, 1901, a birnin Portland na jihar Oregon. Mahaifinsa mai sayar da magani ne, kuma ya rasu a 1910, ya bar shi yana ɗan shekara tara. Da ayyukan ƙarfi ya riƙa taimakon kansa har ya kammala Kwalejin Aikin Gona ta Oregon a 1922, sannan ya samu digirin digirgir a fannin kimiyyar sinadarai a cibiyar Caltech ta Kalifoniya a 1925.

A shekarar da ya zama maraya ne wani likita a Chicago, James Herrick, ya ba da rahoton jajayen ƙwayoyin jini masu siffar lauje a jikin wani ɗalibi. An ga siffar, amma ba a san abin da ke lanƙwasa su ba. A 1945 wani likita, William Castle, ya shaida wa Pauling cewa ƙwayoyin kan lanƙwashe ne idan iskar oksijin ta yi ƙaranci. Nan take ya yi zargin cewa matsalar tana cikin himogulobin, furotin ɗin da ke dakon oksijin a cikin jini.

Shi da ɗalibinsa Harvey Itano da wasu abokan aiki biyu suka sa himogulobin na masu lafiya da na masu sikila a ruwa, suka ratsa shi da lantarki. Sai suka ga tafiyarsu ta bambanta, kuma jinin masu ɗauke da cutar ba tare da ciwo ba yana ƙunshe da nau'i biyun. Sun wallafa sakamakon a mujallar Science a 1949. Wannan ne karon farko da aka danganta wata cuta da sauyin furotin guda. Raba himogulobin da lantarki har gobe yana cikin hanyoyin gwajin da ake yi a asibitocin Najeriya.

Vernon Ingram ne ya ƙarasa bayanin a Cambridge ta Ingila daga 1956. Jiki yana ƙera furotin ta hanyar jera ƙananan tubala bisa umarnin da ke rubuce a DNA. Ɗaya daga sarƙoƙin himogulobin tana da tubali 146. A sikila, harafi ɗaya ne ya sauya a umarnin, sai tubali na shida ya zama valine maimakon glutamic acid. Da oksijin ya ragu, sai himogulobin ɗin ya manne da juna, ya yi tsinkaye masu tauri da ke lanƙwasa ƙwayar. Ƙwayar da ta kamata ta rayu kwana 120 sai ta mutu cikin kwana 10 zuwa 20, wasu kuma su toshe ƙananan hanyoyin jini. Daga nan ƙarancin jini da azabar ciwon ƙashi da Hausawa ke kira amosanin jini suke tasowa.

Nauyin wannan harafi ɗaya ya fi faɗowa kan Najeriya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ana haihuwar jarirai kusan 150,000 masu cutar a ƙasar duk shekara. Binciken da aka yi a Garki, da ke jihar Jigawa a yau, a shekarun 1970 ya nuna kusan jariri biyu cikin ɗari SS ne, amma ƙalilan ne ke kai shekara biyar. Masu AS kuwa suna da kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, shi ya sa gadon ya yawaita a yankunanmu. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na zama SS.

Pauling ya samu kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 1954, da ta zaman lafiya ta 1962 saboda yaƙin da shi da matarsa Ava Helen suka yi da gwajin makaman nukiliya. Fafutukarsa ta siyasa ta sa gwamnatin ƙasarsa ta hana shi fasfo a 1952.

Sai dai gwani ma yakan yi tuntuɓe. A 1968 ya ba da shawarar a riƙa yi wa masu ɗauke da gadon sikila tambari a goshi, domin su gane juna kada su yi aure. Shawarar ta jawo masa suka mai zafi, musamman ganin baƙaƙen fata ne suka fi fama da cutar a Amurka. Haka kuma iƙirarinsa na cewa shan bitamin C mai yawa yana taimakawa wajen maganin kansa bai tabbata ba a gwaje-gwajen asibitin Mayo.

Darasin 1968 yana nan da ransa. Jihar Kano ta wajabta gwajin lafiya kafin aure a 2024. Sanin sakamako yana kare 'ya'ya daga wahala, amma yaɗa shi a gari yana iya hana yarinya mai AS miji, alhali lafiyarta ƙalau kuma aurenta da mai AA ba zai haifar da SS ba.

Pauling ya rasu ranar 19 ga Agusta, 1994, a gidansa da ke Big Sur a Kalifoniya, yana da shekara 93, bayan fama da kansar mafitsara ta maza.