Abubakar Imam da Taurarinsa

An haifi Alhaji Abubakar Imam a Kagara a 1911, ya yi karatu a Kwalejin Katsina. Yana koyarwa ya shiga gasar ƙagaggun labarai ta 1933 da Ruwan Bagaja. Zubin labarin tafiya ce kawai ta neman ruwan magani, amma da zarar Malam Zurƙe ya ɓullo sai komai ya rikice. Ni dai a nan na fara gane cewa halin tauraro shi ke jan zaren labari, tun Hausata ba ta nuna ba. A Magana Jari Ce kuwa, aku ya ba ragamar. Ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, ya rasu a 1981.