Tachu Naito: Injiniyan Da Akwati Ya Koya Wa Darasi

Ni mutumin Jama'are ne, kuma ban taɓa jin ƙasa ta motsa a ƙarƙashin ƙafata ba. Sai da ta girgiza a unguwar Mpape ta Abuja a 2018 na fara yi wa benayen Azare wani kallo, musamman waɗanda aka bar ƙasansu fayau babu bango don a yi shaguna. Neman bayani a kan haka ne ya haɗa ni da tarihin wannan bawan Allah.

An haifi Naito a 1886 a lardin Yamanashi na ƙasar Japan. Ya kammala karatun gine-gine a Jami'ar Tokyo a 1910, sannan ya koyar a Jami'ar Waseda. A 1917 ya tafi Amurka ƙaro ilimi. An ce a can ne ya cire allunan da suka rarraba cikin akwatinsa don ya ƙara cusa littattafai, sai akwatin ya wargaje a tafiyar jirgin ƙasa. Ni da tsaki kawai zan yi. Shi kuwa sai ya gane cewa waɗannan alluna su ne ƙarfin akwatin.

Ginshiƙi nauyin da ke dannowa daga sama yake ɗauka, girgizar ƙasa kuwa ta gefe take hankaɗa gini. Don haka ya riƙa sa bangayen kankare masu rodi a cikin bene, tun daga tushe har sama, su tokare shi. A yau an san inda aka sa su ma abin lura ne: idan suka taru a ɓangare guda, ko fasalin ginin ya karkace, murɗewa yake yi, kuma hawan da ba shi da bango shi ke fara durƙushewa.

Ranar 1 ga Satumba, 1923, girgizar Kanto ta hallaka mutum fiye da 100,000. Ginin Bankin Masana'antu na Japan, wanda Naito ya tsara ƙashinsa, aka kuma gama 'yan watanni kafin nan, ya tsaya kyam.

Shi ne kuma ya tsara Hasumiyar Tokyo mai tsawon mita 333, wadda aka kammala a 1958. Ya rasu a 1970 yana da shekara 84. Da gagarumar girgizar 2011 ta auku, tsinin eriyar hasumiyar ne ya lanƙwashe.