Guru Teg Bahadur

Ya kai ɗalibi, ka san akwai wanda ya ba da ransa domin kare addinin wasu? An haifi Teg Bahadur a Amritsar ta Indiya a 1621. A 1664 ya zama Guru na tara, wato jagoran addinin Sikh. Mabiyansa sun ruwaito cewa 'yan Hindu na Kashmir sun kawo masa kuka, hukumar Sarki Aurangzeb tana tilasta musu sauya addini. Ya tsaya musu. Aka kama shi, aka ce ya bar addininsa ya tsira, ya ƙi. Aka fille masa kai a Delhi a 1675. In ka je wurin yau, za ka ga ɗakin ibadar Sis Ganj.