Nana Asma'u: Yarinyar Da Tsoro Bai Karya Ta Ba

An haifi Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a shekarar 1793. Tana da kimanin shekara 11, ba ta kai yawancinmu ba, aka yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804. A 1805 jama'ar Shehu suka sauka Gwandu, nan jiharmu ta Kebbi, ga yunwa, ga mummunar asarar rayuka a yaƙin Alwasa. Ta rasa mahaifinta a 1817, sannan yayanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1837.

Duk da haka ba ta karaya ba, ta riƙe Alƙur'anin da ta haddace. A 1839 ta rubuta Tabshirul Ikhwan, littafin da ya tattara surorin da ake karantawa lokacin ciwo da damuwa. Ta kuma kafa 'Yan Taru domin ilmantar da matan ƙauyuka. Ta rasu a Sakkwato a 1864.

Mu da gabanmu ke faɗuwa in jarrabawa ta matso, ko iska ta taso muna cikin kwalekwale a tafkin Kainji, mu yi koyi da ita: addu'a a baki, aiki a hannu. Allah Ya jiƙanta da rahama.